Ɓarawo ko Abokin Ɓarawo: Tarihin Tuhumar da Ake Yi wa Sinadarin Yurik kan Zuciyar Masu Ciwon Suga

A takardar gwajin jini da ake miƙa wa mai ciwon suga akwai wani layi da ido bai cika tsayawa a kansa ba. Hankali yakan tafi ga yawan suga, sannan kitsen jini, sannan aikin ƙoda. Can ƙasa sai a ga an rubuta yurik asid da lamba a gabansa, wani lokaci da alamar cewa ta haura ƙima. Mai takardar yakan tambayi likita ko wannan ma zai taɓa masa zuciya. Tambayar gajeriya ce, amma likitoci sun kusa shekara 150 suna kai-kawo a kanta. Sau da dama an gurfanar da wannan sinadari, an wanke shi, an sake gurfanar da shi. Abin da ya hana shari'ar ƙarewa da wuri shi ne, duk inda aka yi ɓarna a jijiyoyin jini sai a tarar da shi a wurin, kuma Bahaushe ya ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ilimin likitanci kuwa ba ya yanke hukunci da karin magana, sai ya ga hannun wanda ya ɗauki kayan.

Ciwon sarakuna

Tun kafin a san sinadarin an san ciwon da yake haddasawa. Shi ne wanda Larabawa ke kira niƙris, Turawa kuma gaut: mutum ya kwanta lafiya, cikin dare babban ɗan yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi ja, har mayafi ma ba ya iya taɓa shi. Hippocrates, likitan Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lura cewa ciwon bai cika kama mace ba sai bayan ta daina al'ada, haka ma yaro kafin ya balaga. Abubakar al-Razi, likitan Farisa da ya yi aiki a Bagadaza, ya keɓe masa risala guda. A Turai an yi masa laƙabi da ciwon sarakuna, domin an fi ganinsa a gidajen da nama da giya ba sa yankewa. Thomas Sydenham na Ingila, wanda shi kansa ya sha fama da shi, ya bayyana yadda yake tasowa a 1683.

A 1776 wani masanin haɗa magunguna na Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya fitar da wani sabon sinadari daga tsakuwar mafitsara. A 1797 William Hyde Wollaston ya nuna cewa gishirin wannan sinadari ne ke taruwa ya yi ƙulli a gaɓoɓin masu niƙris. Wanda ya haɗa zancen da jini shi ne Alfred Baring Garrod na Landan. A 1848 ya nuna cewa jinin mai niƙris ya fi na sauran mutane yawan yurik asid. Bayan 'yan shekaru ya fito da wani gwaji mai sauƙi: a zuba ruwan jini a ƙaramin faifan gilashi, a ɗiga masa tsamin khal, a sa silin zare a ciki, a ajiye kwana ɗaya ko biyu. Idan sinadarin ya yi yawa, sai a ga ƙwayoyinsa sun maƙale a jikin zaren. Wannan zare na cikin gwaje-gwajen jini na farko a tarihin asibiti.

Yau an san asalin abin. Yurik asid ragowa ce da ke fitowa idan jiki ya rushe sinadaran fiyurin, waɗanda ke cikin kowace ƙwayar halitta. Mafi yawansa jiki ne ke samar da shi da kansa, saura kuma daga abinci yake zuwa, musamman kayan ciki irin su hanta da ƙoda, jan nama, wasu nau'o'in kifi da giya. Ƙoda na fitar da kusan kashi biyu cikin uku, hanji na fitar da sauran. Yawancin dabbobi masu shayarwa suna da wani sinadari a hanta da ke ƙarasa narkar da shi, amma ɗan Adam ba shi da shi. Shi ya sa yakan taru a jininsa, kuma idan ya wuce kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita, jini ba ya iya riƙe shi a narke, sai ya fara daskarewa ya zama ƙwayoyi masu tsini kamar allura.

Zargi na farko

Mutumin da ya fara kai zargin ga jijiyoyin jini wani matashin likita ne a asibitin Guy's da ke Landan, Frederick Akbar Mahomed. Kakansa, Sake Dean Mahomed, mutumin Patna ne ta Indiya da ya zauna a Ingila. A zamanin da babu na'urar awon jini irin ta yau, Mahomed ya gyara wata na'ura mai zana bugun jijiya a takarda, da ita ya gano cewa jinin mutum na iya hawa tun ƙodarsa ba ta nuna alamar ciwo ba. A rubuce-rubucensa na 1879 ya lura cewa da yawa daga masu hawan jini sun fito ne daga gidajen da aka san su da niƙris, sai ya yi hasashen cewa wata guba ce a cikin jini ke ɗaga shi, kuma ya sa yurik asid cikin waɗanda yake zargi. Zazzaɓin taifot ya kashe shi a 1884 yana da shekara 35, bai kai ga tabbatar da hasashen ba.

Wanda ya ɗauki zancen bayansa ya kai shi inda bai kamata ba. Alexander Haig, shi ma likita a Landan, ya yi fama da matsanancin ciwon kai, ya ga sauƙi bayan ya daina cin nama, daga nan ya tabbatar wa kansa cewa ya gano tushen cututtuka. A littafin da ya fitar a 1892 ya ɗora wa yurik asid alhakin hawan jini, ciwon kai, farfaɗiya, baƙin ciki, ciwon ƙoda da ciwon suga. Littafin ya karɓu, an sake buga shi sau da dama. 'Yan kasuwa suka ga hanya, suka cika jaridun Ingila da Amurka da tallar ruwan kwalba mai sinadarin litiyom da ƙwayoyin da aka ce suna wanke yurik asid daga jiki. Da ilimin gwaji ya ƙara ƙarfi a farkon ƙarni na 20, aka duba aka ga mafi yawan wannan da'awa ba ta da tushe. Zuzutawar ta jawo wa zancen baƙin jini, har ya zama likitan da ke son a ɗauke shi da daraja ba ya son a ji shi yana danganta yurik asid da wani ciwo ban da niƙris da tsakuwar ƙoda.

Bayan insulin

Ciwon suga ne ya dawo da tambayar. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa marasa lafiya allurar insulin a Toronto ta Kanada, yaron da ciwon ya kama bai cika daɗewa ba. Insulin ya tsawaita rayuwa, tsawon rayuwar kuma ya fito da wani maƙiyi da ke laɓe. Elliott Joslin, likitan Boston da ya shekara da shekaru yana rubuta sanadin mutuwar majinyatansa, ya lura cewa dogon suman da ke kashe masu suga ya ja baya, toshewar jijiyoyin jini ta maye gurbinsa. Har yau ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne kan gaba wajen kashe masu ciwon suga, kuma haɗarinsu gare su ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane.

A 1923 wani likitan Suwidin, Eskil Kylin, ya rubuta cewa abubuwa uku sukan haɗu a jikin mutum guda: hawan jini, hawan suga da yawan yurik asid. A 1951 Menard Gertler da abokan aikinsa a Boston suka ruwaito cewa mazan da bugun zuciya ya kama tun ba su kai shekara 40 ba sun fi takwarorinsu yawan sinadarin a jini. Dalilin haɗuwar bai fito fili ba sai bayan 1988, shekarar da Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya gabatar da laccarsa kan bijirewar jiki ga insulin. Idan tsoka da hanta suka daina jin kiran insulin yadda ya kamata, jiki yakan ƙara yawan wanda yake fitarwa. A 1991 Reaven da abokansa suka nuna cewa gwargwadon wannan bijirewa, gwargwadon raguwar yurik asid da ƙoda ke zubarwa a fitsari. Wato insulin mai yawa yana sa ƙoda ta riƙe sinadarin ta mayar da shi jini.

Wannan bayani ya ƙara wa shari'ar wuya. Ƙiba tana ɗaga yurik asid. Raunin ƙoda yana ɗaga shi. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin dangin tayazayid da suka shigo a ƙarshen shekarun 1950, suna ɗaga shi. Sukarin furuktos, wanda ke cikin sukarin shayi da lemon kwalba, shi ma yana ɗaga shi, kamar yadda wasu likitocin Finlan suka nuna a 1967. Kowanne daga cikin waɗannan yana da tasa alaƙar da ciwon zuciya. Ashe ana iya samun yurik asid a wurin ɓarna ba don shi ya yi ta ba, sai don yana bin masu yin ta.

Akwai kuma wani abin mamaki da ya keɓanta da masu ciwon suga. Binciken jama'a a Isra'ila da Birtaniya cikin shekarun 1980 ya nuna cewa sinadarin yana hawa yayin da mutum ke dab da kamuwa da ciwon, amma idan sugan ya yi yawa sosai sai ya sauka. Dalili shi ne, idan suga ya wuce kimanin miligiram 180 a desilita yakan fara zuba a fitsari, yana fita kuma yana jan yurik asid tare da shi. Don haka ƙaramar lamba a takardar mai ciwon suga ba kullum take nufin lafiya ba. Tana iya zama shaidar cewa sugan ne ya ƙwace.

Shaidu sun saɓa

Daga nan sai aka koma ga ƙididdiga. A 1998 wani bincike a Finlan da ya bi masu ciwon suga nau'i na biyu sama da 1,000 tsawon shekara bakwai ya gano cewa masu yawan yurik asid sun kusa ninka sauran a haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A shekarar da ta biyo baya sai binciken Framingham, wanda tun 1948 yake bin lafiyar zuciyar mazauna wani gari a jihar Massachusetts ta Amurka, ya fito da akasin haka. Cikin mutum 6,763, alaƙar ta bayyana da farko, amma da aka cire tasirin shekaru, hawan jini, ƙiba, suga da magungunan fitsari, sai ta ɓace. A 2000 Jing Fang da Michael Alderman suka duba bayanan Amurkawa kusan 6,000 da aka bi kimanin shekara 16, suka ce alaƙar tana nan ko bayan an cire waɗancan abubuwa. A cikin masu ciwon suga ma haka aka yi ta yi: binciken Verona a Italiya ya ce a 2009 sinadarin yana hasashen mutuwa ta ciwon zuciya, binciken Fremantle a Ostireliya ya ce a 2010 ba ya yi.

Ɗakin gwaji ma bai raba gardamar ba. A 1981 Bruce Ames ya kawo hujjar cewa yurik asid na cikin manyan sinadaran da ke kare jini daga lalacewa, wato yana da nasa amfanin. A 2001 kuwa Richard Johnson da abokansa suka ɗaga shi a jinin ɓeraye da gangan, jininsu ya hau, da aka sauke shi da magani jinin ya sauka. A 2008 wani ƙaramin gwaji kan matasa 30 masu sabon hawan jini ya nuna irin wannan sakamako a jikin mutane. Biri ya fara kama da mutum, amma matasa 30 cikin 'yan makonni ba su isa a yanke hukunci kan dattijo mai ciwon suga na shekara ashirin ba.

Masana ƙwayoyin gado suka zo da wata dabara. Akwai mutanen da aka haifa da ƙodar da ke riƙe yurik asid fiye da ta wasu, ba don ƙiba ko abinci ba. Idan sinadarin ne da kansa ke toshe jijiya, ya kamata a ga ciwon zuciya ya yi musu yawa. Manyan binciken da aka yi ta wannan hanya, ciki har da na Denmak a 2013, sun gano cewa waɗannan mutane sun fi kamuwa da niƙris ƙwarai, amma shaidar ƙarin ciwon zuciya ko ciwon suga a tare da su ba ta da ƙarfi.

Ranar hukunci

Hanya mafi tsafta ta rage: a sauke sinadarin da magani a ga ko zuciya za ta tsira. Maganin yana nan tun tuni. Gertrude Elion da George Hitchings, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1988, sun gwada alofurinol da farko ne don ya tsawaita aikin wani maganin sankarar jini, sai aka ga yana toshe sinadarin da ke ƙera yurik asid. Amurka ta amince da shi a 1966. Magani ne mai araha, da ya yi aikin da ake fata da ya zama babbar kyauta ga talakawan duniya.

A 2020 aka fitar da sakamakon gwajin PERL, wanda aka yi a Amurka, Kanada da Denmak kan mutum 530 masu ciwon suga nau'i na ɗaya da ƙodarsu ta fara rauni. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka sha alofurinol shekara uku, rabi suka sha ƙwayar da babu magani a cikinta. Yurik asid ya sauka daga kimanin 6.1 zuwa 3.9, amma ƙodar ta ci gaba da rauni daidai da ta sauran. A 2022 gwajin ALL-HEART na Birtaniya ya zo da amsa kan zuciya. Mutum kusan 6,000 ne, duk sun kai shekara 60, duk suna da ciwon jijiyoyin zuciya, babu mai niƙris a cikinsu. Bayan kusan shekara biyar, kashi 11.0 cikin ɗari na masu shan maganin sun gamu da bugun zuciya, shanyewar jiki ko mutuwa ta dalilinsu, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 11.3. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Sai ga wani labari daga wata kusurwa. A 2015 gwajin EMPA-REG OUTCOME kan masu ciwon suga nau'i na biyu 7,020 ya nuna cewa maganin emfaglifulozin ya rage mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 38 cikin ɗari. Wannan magani yana sa ƙoda ta zubar da suga a fitsari, kuma bisa dalilin nan da aka gano tun shekarun 1980, yurik asid yakan bi sugan ya fita. Masu shan irinsa ba su cika samun niƙris ba. Wasu suka ce ga hujja ta samu. Amma da aka tantance bayanan, an ga canjin yawan ruwan da ke cikin jini ya fi bayyana amfanin maganin, rabon yurik asid ƙarami ne. Idan aka haɗa wannan da sakamakon alofurinol, wanda ya fi sauke sinadarin amma bai kare zuciya ba, zai yi wuya a ce saukarsa ce sirrin.

Wani ɓangare na tuhumar dai bai faɗi ba. A 2006 masu bincike a Lausanne ta Suwizalan suka gano yadda ƙwayoyin yurik masu tsini ke tayar da kumburi a jiki, kuma an san kumburi na da hannu wajen fashewar kitsen da ke maƙale a jijiya. A 2022 wani nazari kan bayanan masu niƙris sama da 60,000 a Ingila ya nuna cewa bugun zuciya da shanyewar jiki sun fi aukuwa cikin watanni huɗu bayan ciwon ya tashi. Haka kuma kolcisin, tsohon maganin niƙris da ake samu daga wani fure da likitocin Larabawa suka sani da suranjan, ya rage aukuwar matsalolin zuciya da kusan kashi 31 cikin ɗari a gwajin LoDoCo2 na 2020, ko da yake wani babban gwaji na 2024 bai ga irin wannan amfani ba. Kolcisin ba ya sauke yurik asid ko kaɗan, kumburi yake kwantarwa.

Abin da ya rage a takardar

Inda aka tsaya ke nan. Yurik asid shi ne mai laifi a niƙris da wani nau'in tsakuwar ƙoda, wannan babu jayayya tun zamanin Garrod. Wanda ciwon ke yawan tasar masa yana buƙatar magani, kuma likitoci kan nemi sauke lambar ƙasa da 6. A kan zuciya kuwa, shaidar da ake da ita ta fi nuna shi a matsayin abokin tafiya. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2020, ba ta goyi bayan ba da magani don lamba kawai ba idan babu ciwo, ko da yake ƙa'idojin Japan sun fi sassauci a kan haka. Taka-tsantsan ɗin yana da dalili: alofurinol kan jawo wa wasu mummunar saɓewar fata mai iya kisa, kuma ƙwayar gadon da ke ƙara wannan haɗari ta fi yawa a wasu al'ummomin Asiya da baƙaƙen fatar Amurka. Ba maganin da za a saya a kemis don an ga lamba ta hau ba ne.

Amma abokin ɓarawo, ko bai ɗauki komai ba, ganinsa a ƙofar gida gargaɗi ne. Idan lambar ta hau a jinin mai ciwon suga, abin tambaya shi ne su wa suka kawo ta: ƙodar da ta fara gajiya, jinin da ke hawa ba a sani ba, tumbin da ya ƙaru, lemon kwalbar da ya zama ruwan sha, ko wani magani da likita zai iya sauyawa. Waɗannan su ne abubuwan da aka tabbatar gyara su yana tsawaita rai. Mahomed ya yi daidai da ya ga sinadarin yana tafiya tare da hawan jini, Haig ya yi kuskure da ya mayar da shi uban cututtuka, kuma sai da aka shafe shekara 143, daga 1879 zuwa 2022, kafin a samu gwajin da ya isa ya raba tsakanin maganganun biyu.